Yadda Cowbell ta shigo kasuwar madara ta ƙofar talaka

Kwanakin baya wani ƙanena ya same ni da maganar zai fara haɗa yogot yana sayarwa, ya sayi firiza ta hannu, ya buga sitika, har suna ya raɗa wa kayan. Na ce masa toh madalla Allah ya sa albarka, amma wa za ka sayar wa? Sai ya kalle ni kaman na tambaye shi sunan babanmu, ya ce "kowa mana Yaya, waye ba ya shan yogot?" Wallahi a nan na san akwai aiki. Ai Bahaushe ya ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, haka shi ma wanda ya kasa kaya ya kamata a ce ya san da wanda yake, in ba haka ba sai ka wuni kana kiran kowa babu wanda ya ji da shi kake.

Sai na zaunar da shi na ba shi labarin Cowbell, don ni a idona aka yi abin, lokacin ina yaro ina taya kawuna zaman tireda bayan an taso daga makaranta. Shi ne na ce bari in rubuta shi a tsanake ko wani zai amfana.

Kafin 1993 in ka ce madara a Najeriya toh Peak kake nufi, shikenan. Tun 1954 ake shigo da ita ƙasar daga Holan, a 1973 aka kafa kamfanin WAMCO a Legas don a riƙa yin ta a gida, kaga mutum an haife shi ya tarar da ita ya girma ya yi aure yana ba 'ya'yansa. Gwangwanin nan nata mai hoton tsauni da bishiyar kwakwa har ma'auni ya zama, har gobe in mace za ta faɗa miki yadda ake cincin za ki ji ta ce fulawa gwangwani kaza sukari gwangwani kaza, ba ta buƙatar ta ce wane gwangwani. Akwai Three Crowns ita ma ta gidan ce, akwai Nido ta Nestlé a manyan gwangwanaye da ake gani a gidan ma'aikata. Duk wanda zai shigo da sabuwar madara waɗannan zai tarar a bakin ƙofa, sun riga shi suna, sun riga shi diloli, sun riga shi kuɗin talla.

Amma akwai abin da ya faru da aljihun mutane a tsakanin. A 1985 naira ɗaya ta ɗan fi dala ɗaya ma, sai gwamnatin Babangida ta kawo SAP, wato shirin gyaran tattalin arziki, a 1986 aka saki naira, kafin 1993 dala ɗaya ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati, na kasuwar bayan fage kuwa kar ma a yi magana. Hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100 a 1993 da 1994, a 1995 ta wuce kashi 70. Ita kuma madara kusan duk kayan haɗinta daga waje ake kawowa da dala. Toh gidajen da a da ake ajiye gwangwanin madarar gari a saman kabad sai suka koma na ruwa ƙarami, masu na ruwa suka koma shayi baƙi, madara ta zama abin sai an yi baƙo ko wani ya kwanta ciwo ko azumi ya zo. Mutane ba su daina son madara ba fa, kuɗin siyan gwangwani guda a lokaci ɗaya ne babu.

Kuma ko ka daure ka sayi gwangwanin na ruwan ga wata fitinar. Za ka samu ƙusa ko tsinin wuƙa ka huda shi gida biyu, ka tsiyaya kaɗan, sauran fa? Firij babu, inda akwai firij NEPA ba ta kawo wuta. Na tuna yadda innarmu take yi, ta murɗa takarda ta toshe hujin biyu, ta zuba ruwa a faranti ta ɗora gwangwanin a tsakiya saboda kiyashi, ta tura ƙarƙashin gado inda ya fi sanyi. Duk da haka in zafin bazara ya yi zafi kafin jibi ta fara tsami, ka zuba a shayi ta tsinke ta yi gudaji-gudaji, ga faɗan wa ya sha aka ga ta ragu. Wato mai ƙaramin ƙarfi matsala biyu gare shi da madara, kuɗin shiga ya yi yawa sannan abin da ya saya ba ya jira.

Mutumin da ya kafa kamfanin da ke yin Cowbell, Robert Rose, Baturen Ingila ne da ya koma ƙasar da yanzu ake kira Zimbabwe tun 1957, ya daɗe yana shugabantar harkar kamfanin Allied Lyons a Afirka yana yawo ƙasa ƙasa. A 1979 ya fara sayar da Cowbell a Zayar, wato Kwango ta Kinshasa a yanzu, zamanin Mobutu, ƙasar da hanya babu wuta babu kuma aljihun jama'a ya fi namu bushewa. Wannan yana da muhimmanci don mutane suna ɗauka dabarar sayar da madarar gari a 'yar ƙaramar leda a Legas aka ƙirƙiro ta, a'a, shekara 14 suka yi suna gwada abin a wasu wurare kafin su shigo Najeriya a 1993 da sunan Wonder Foods, wanda daga baya ya koma Promasidor. Sabbi ne a kasuwarmu amma sun zo da amsar tambayar da ƙanena ya kasa amsawa. Kwastomansu shi ne mutumin da ke samun kuɗi kullum-kullum ya kashe kullum-kullum, lebura, ɗan acaba, mai koyon gini, matar da aka bar wa kuɗin cefane a ƙirge, ɗalibi. Ba su zo ƙwace mai shan Peak daga hannun Peak ba, sun zo neman wanda Peak ta riga ta bari a baya.

Abin da ya fi burge ni shi ne da suka zaɓi wannan mutumin sai komai na kayan ya bi shi, ba wai sun yi madara irin ta kowa sannan suka liƙa mata tallan talaka ba.

Ɗauki ita madarar kanta. Duk wanda ya san harkar nono ya san bambancin kindirmo da tsala, Bafulatana ta kaɗa nono a cikin ƙwarya ko buta ta kwashe man shanu ta dunƙula ta sayar daban don shi ne mai tsada, abin da ya rage shi ne tsala. Toh haka Turawa ma suke yi a masana'anta, su cire man su yi bota da shi, a busar da sauran ya zama gari. Abin da masu irin madarar Cowbell suke yi shi ne su ɗauki wannan da aka cire wa mai su mayar masa da man tsirrai a madadin man shanun, a irin wannan madara galibi man da ake samu daga kwakwar manja ne aka tace, sannan a ƙara sinadaran bitamin. Riba biyu ke nan, kuɗin haɗi ya sauka sosai, kuma garin yana jure zafi da daɗewa a shago fiye da mai man shanu. In ka duba jikin ledar za ka ga ba a rubuta cikakkiyar madara mai kirim ba, an rubuta nau'inta ne daban, yawancinmu dai ba ma karantawa. Mai kuɗi zai ce ai wannan ba ta kai waccan ɗanɗano ba, gaskiyarsa ne kuma, sai dai ba da shi ake ba. Wanda ake magana da shi ba Peak yake kwatanta ta da ita ba, da shayi baƙi yake kwatanta ta.

Sai kuma 'yar ledar, wadda ita ce kowa ya fi tunawa. Ni abin da nake yawan faɗa wa mutane shi ne babu wani sabon abu a nan ga ɗan kasuwarmu, mu da muka taso da ƙulli. A shagon kawu aikina na yamma ke nan, a buɗe buhun sukari in zauna da cokali da farar leda ina ƙullawa, ƙullin sukari, ƙullin gishiri, ƙullin omo, har madarar gari ana fasa babban gwangwani ko buhu a ƙulla. Mai tireda ya daɗe da sanin cewa talaka awo yake saye ba kwali ba. Matsalar ƙullinmu ita ce amana, ba ka san wace madara aka zuba maka ba, ba ka san ko ta kwana nawa a buɗe ba, da damina ta sha iska ta dunƙule, kuma ana yawan zargin wasu suna cakuɗa ta da wani abu don ta yi auki. Cowbell sai ta ɗauki wannan ƙullin namu ta kai shi masana'anta, ta zuba a leda mai ƙyalli da iska ba ta shiga, ta liƙe da inji, ta buga suna da kwanan wata. Awon daidai shayi kofi ɗaya, ka farke ka juye ka yar, babu saura balle kiyashi, babu ruwanka da NEPA.

Kuma ku lura da yadda ake kawo ta, a jere a manne kaman carbi. Wannan ƙaramin abu ne amma a wurin mai shago ba ƙarami ba ne. Shagon kawu in mutum biyu suka shiga na uku sai ya tsaya a waje, kanta cike take, gwangwani sai ka nema masa wuri ka jera. Ita kuwa igiya ɗaya muka ɗaura daga wannan ƙusa zuwa waccan a saman taga muka rataye ta, tana lilo a daidai fuskar duk wanda ya leƙo, ita ce kayan ita ce allon tallan. Jarin da za ka sa kaɗan ne, mai teburi a ƙofar gida ma zai iya sarin jere biyu uku, kafin yamma sun ƙare ya juya kuɗinsa. Da safe kuwa tsakanin bakwai da takwas layin yara ne, kowa da kuɗi a dunƙule a hannu, "Kawu a ba ni kaubel ɗaya da sukari da Lipton ɗaya." Ka ji fa, ba su ce madara ba, sunan suka kira. Ni a wurina ranar da yaro ya fara kiran sunan kayanka a madadin sunan abin, ranar ka samu gurbi, duk wani abin da ka rubuta a takardar tsarin kasuwanci kafin nan fata ne kawai.

Daga nan mutane da kansu suka nemo mata ayyukan da ba na jin ko kamfanin ya lissafa duka. Mai shayi ya fara tambaya ta ruwa ko ta gari, wanda aljihunsa bai da nauyi ya ce ta gari ba tare da jin kunya ba. 'Yan makarantar kwana aka riƙa cusa musu jere a cikin akwati, garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli da kaubel ɗaya ai ranar kai sarki ne a hostel. Aka zuba a koko, aka zuba a kunu. Mu kuwa yara ba ma jiran ruwa, a farke gefe da haƙori a zazzaga a tafin hannu a lashe, ta manne a dasashi kana bi da harshe har a shiga aji. Duk wanda ya ce bai yi ba ko dai ɗan gidan masu kuɗi ne ko ƙarya yake.

Toh amma zaɓar gurbi yana da farashi, kuma nan ne masu sabuwar sana'a suke kasa daurewa. Da Cowbell ta tsaya a nan ta yarda ke nan cewa ba ita za a sa a kayan gara ba, ba ita za a kai wa surukai a kayan azumi ba, in an yi babban baƙo gwangwanin Peak za a aika a sayo ko da bashi ne. Ta haƙura da wannan teburin gaba ɗaya a farkon tafiya. Haɗarin da ke ciki shi ne araha ba ta ado, abu in ya cika zama na talaka sai shi kansa talakan ya fara ɓoye shi. Yadda suka bi da wannan ya yi min, ba su taɓa fitowa suna ihun mu ne masu araha ba, taken da suka riƙe ma'anarsa madararmu ce, ana nuna yara masu ƙoshin lafiya da iyali, ledar kanta fes da ita shuɗi da fari. Arahar suka bari aljihunka ya gane da kansa, bakinsu kuma yana maganar gina jiki da namu ne. Mutum yana son a sauƙaƙa masa amma ba ya son a tuna masa cewa ba shi da shi.

Me ya sa manyan ba su murƙushe su tun a shekarar farko ba, tunda sun fi su komai? Ni fahimtata ita ce abin da ya ba Peak ƙarfi shi ne ya ɗaure mata ƙafa. Shekara kusan 40 kana gaya wa mutane kai ne madarar asali mai daraja a gwangwani, injinanka na gwangwani ne, dilolinka sun saba da katan, yau ka wayi gari a rataye a igiya kusa da ƙullin omo? Duk manajan da ya kawo wannan shawara sai an ce zai zubar da mutuncin suna, kuma ribar da ke kan leda ɗaya ba ta kai a tashi taro a kanta ba, sai ka tara miliyoyi take zama kuɗi, da yayyafi kogi kan cika. Kafin su gama shawara yaran unguwa sun riga sun haddace wani sunan. Daga baya dai kowa ya sauko, yau Peak tana leda, ta gari da ta ruwa, Dano tana leda, Nido, Milo, Bournvita, har man goge baki da tumatir da man girki. Peak ɗin ma ta fito da nata nau'in mai man tsirrai. Ka shiga kowane shago ka ɗaga kai ka gani, rufin duk lilo yake.

Wannan ya kawo babi na biyu wanda ba a cika ba da labarinsa ba. Leda ba sirri ba ce, duk mai inji zai yi, don haka ranar da kowa ya shigo leda sai "madarar da ke cikin 'yar leda" ya daina zama gurbin mutum ɗaya. Abin da Cowbell ta yi shi ne ta ƙara kafa ƙafa a wurin da ta riga ta fi ƙarfi, wato yara da makaranta. Tun 1998 suka fara ɗaukar nauyin gasar lissafi ta makarantun sakandare a faɗin ƙasa, wadda a 2015 ta koma shirin talabijin mai suna Cowbellpedia, kaga uwa tana kallon yaro yana warware lissafi cikin daƙiƙa ga sunan madarar a bayansa, ba sai an ce mata komai ba. Suka fito da mai cakulan da sauran ɗanɗano don yaran nan masu lasa. Da suka so hawa teburin masu ɗan hali kuma ba su ja sunan Cowbell da ƙarfi zuwa can ba, wani suna daban suka sa a gaba, Loya, cikakkiya mai kirim, ga kuma Miksi a gefe. Hanyar da suka riga suka shimfiɗa zuwa ƙananan shaguna sai suka ɗora mata wasu kayan, Top Tea, da Onga na miya. A 2016 kamfanin Ajinomoto na Japan, masu farin magin nan da muke kira ajino, suka sayi kashi ɗaya cikin uku na Promasidor a kan dala miliyan 532. Kuɗin yaran da ke layi a tagar kawu ne fa ya taru ya zama haka.

Ba zan ɓoye ɓangaren da ba ya min daɗi ba. Sau da yawa in ka lissafa abin da mai siyan leda kullum yake kashewa a wata ka auna da nauyin madarar da ya samu, ya fi mai siyan babban gwangwani biya, wato rashin kuɗi ma kuɗi ake biya a kansa. Ledojin kuwa ba sa ruɓewa, da damina je ka kalli abin da ake kwasowa daga kwata. Akwai kuma iyayen da saboda rashin sani suke dama irin wannan madara su ba jariri a madadin nono, alhali ba don haka aka yi ta ba sam, wannan a kiyaye don Allah. Sannan babban abin takaici, ƙasar da ke da shanu miliyoyi amma garin madarar daga waje ake shigo da shi, Bafulatana tana yawo da ƙwarya a rana ba ta da hanyar kai nononta masana'anta kafin ya lalace, ga gari mai araha ya cika kasuwa har masu fura da yogot da yawa da shi suke haɗawa. A 2020 Babban Banki ya taƙaita ba da dalar shigo da madara ga kamfanoni 6 da suka yarda za su zuba jari a kiwo a cikin gida, Promasidor na ciki, su gonar Ikun ta jihar Ekiti suka kama. A 2024 aka janye takunkumin. Har yau dai shayin da za ka sha gobe da safe mai yiwuwa saniyar da ta ba da madararsa ba ta taɓa jin zafin Afirka ba.

Da na gama sai ƙanen nawa ya yi shiru, can ya ce "toh Yaya ni ma in yi ƙaramar leda ke nan?" Na ce kai ba ka ji labarin ba, ledar yogot ai ta cika gari, kowane mai kura da kula yana da kala biyar. Na ce ka manta da leda, tambayar ita ce wane ne yake son abin nan amma wani abu ya tare shi, kuma mene ne abin da ya tare shin. Ya tafi ya yi sati biyu yana zaga unguwa, ya zauna wurin masu fura, ya tsaya bakin asibiti, ya shiga shagunan da ke da firij. Ya dawo ya ce abin da ya fi ji shi ne dattawa da masu ciwon suga suna ƙorafin duk yogot ɗin da ke kasuwa zaƙi ya yi masa yawa, wasu kuma suna cewa sun gaji da na madarar gari suna son na nonon shanu na gaske ko da zai fi tsada, kuma akwai rugar da ba ta fi tafiyar minti 40 a babur daga gidanmu ba.

Yanzu rigimar da muke yi da shi ita ce sitikar da ya riga ya buga guda dubu biyu, an rubuta mai zaƙi ga hoton yara suna dariya a jiki. Shi yana cewa a fara amfani da su kar kuɗin ya tafi a banza, ni ina cewa a ba yara su liƙa a littafi. Jiya dai na ji yana waya da wani Ardo suna cinikin lita nawa zai iya kawowa kafin ƙarfe bakwai na safe.